Ɗalibin da Ba Ya Iya Wanke Allonsa

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati, muna da magana da ku, kuma ba mai daɗi ba ce. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, watau babbar manhajar da ya fitar a 2015, wadda ita ce ke tafiyar da kwamfutocin da yawancinmu muke ratayawa a kafaɗa daga Ƙofar Ƙaura zuwa ɗakunan lacca. Ya dai ƙara wa'adin shekara guda, zuwa Oktoba 2026, ga wanda ya yi rajista. Ma'anar janye hannu ita ce, duk ɓarakar da aka gano a jikin manhajar bayan wannan ba mai ɗinke ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duniya ta ga misali a watan Mayu na 2017, sa'ad da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle injinan asibitocin Ingila, alhali maganinta ya fito tun watan Maris, ba a dai sa shi ba.

Aka ce mana, to, ku koma Windows 11. Madalla. Amma Windows 11 ba ta shiga kowace kwamfuta. Sai mai ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in injin Intel ne, sai na ƙarni na 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Ku duba jakunkunanku. Kwamfutar ɗan talaka a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko a Kwalejin Hassan Usman Katsina, ko a Al-Qalam, 'yar gwanjo ce da wani ofis a Turai ko Amurka ya gama morewa, uba ya sayar da buhunan gero ko ɗan bijimi aka saya. Lafiyarta ƙalau, tana rubutu, tana lissafi. Wai sai a jefar da ita don an zauna a wani ɗaki a Amurka an yanke mata kwanaki? Wannan dabara ce ta 'yan jari-hujja, kuma ba mu yarda ba.

Amma fa ba kamfanin kaɗai muka zo yi wa tsiya ba. Babban laifin namu ne. Almajirin da ke zaure a gindin hasumiyar Gobarau, shi ke wanke allonsa, shi ke fiƙe alƙalaminsa, shi ke dafa tawadarsa. Ba a taɓa jin ya ɗauki allo ya kai kasuwa a wanke masa ba. Mu kuwa, masu taƙama da digiri a garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, garin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, da zarar kwamfuta ta yi nauyi sai mu runguma mu nufi shago, mu ce a yi mata fomat. Mai shago ya share kome, ya zuba Windows ta sata, ya kashe manhajar tsaro don kada ta kama ɗan abin da ya fasa makullin da shi, ya karɓi kuɗi, mu yi godiya. Hotunan iyali, da lambobin asiri na banki, da kundin bincike na shekarar ƙarshe, duk mun miƙa wa wanda ba mu san sunan ubansa ba. Ma'aikacin da ya kai ta ofis kuwa, ya miƙa har da jerin albashin mutane. Ba mu ce masu gyara ɓarayi ne ba. Yawancinsu neman halal suke, kuma in allon gilashi ya fashe ko madannai suka mutu, wurinsu za mu je. Abin da muka ce shi ne, wanke allo aikin mai allo ne.

Abin takaici ma, sau da yawa satar ba ta da dalili. Tun zamanin Windows 8, a 2012, kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo sukan dasa lambar lasisi a cikin jikin injin. Wanda ya sauko da Windows ta gaskiya daga shafin kamfanin, irin wadda injin ya zo da ita, sau da yawa da kanta take gane lasisinta. Ashe mutum ya biya kuɗi an sa masa jabu a kan abin da yake da na halal. Wanda injinsa ya cika sharuɗɗan Windows 11 kuma yana da lasisi, ƙaurar kyauta ce, ya yi ta da hannunsa.

Sauran mu, da mu ne masu yawa, akwai wata hanya. A 1991 wani ɗalibi kamarmu a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, ya sake ta ga duniya kyauta. A 2004 wani mutumin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu a kanta, daga Ubuntu kuma aka gina Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da wadda ɗan Windows ya saba. Mint ta 22 za a ci gaba da ɗinke ta har 2029, kuma tana tashi a injin da ke da ram gigabait 2, ko da yake 4 ya fi daɗi. Kada wani ya ce wannan abincin matalauta ne: a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta ba da sanarwar mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 zuwa Linux da LibreOffice. Jamusawa ba su rasa kuɗin lasisi ba, ikon kayansu suke nema.

Aikin kansa ba tsafi ba ne. Abu na farko, kuma wanda ya fi kome, a kwashe takardu. Ba a fafa gora ranar tafiya. A kwafe kundi da hotuna wuri biyu, a filash da kuma imel ko wani rumbu, sa'an nan a buɗe kwafin a wata kwamfuta a tabbata yana buɗuwa, domin kwafin da ba a gwada ba kwafin zato ne. In rumbun a kulle yake da BitLocker, a rubuta lambar ceto mai alƙaluma 48 a takarda kafin a taɓa kome. Sai a nemi filash mai gigabait 8, a rubuta manhajar a kai da Rufus, a tuna cewa Rufus zai share duk abin da ke filash ɗin. A cika batir, kuma a zauna inda wuta ke da tabbas, don mun san halin lantarkinmu. Injin da ya mutu ana tsakiyar raba rumbu, ya bar mai shi ba tsuntsu ba tarko.

Da an kunna, a danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce, a zaɓi filash. Nan ne Linux ta yi mana adalcin da ba a saba yi mana ba: tana tashi daga filash ba tare da ta taɓa rumbu ba, mutum ya ɗanɗana kafin ya saya. A gwada sauti, a gwada kyamara, a gwada waifai. In waifai ya ƙi, galibi tsofaffin injuna masu katin Broadcom ne, kada a firgita. A haɗa wayar hannu da igiyar caji, a ba kwamfutar intanet ta nan, a buɗe wurin direbobi a sa wanda ya dace. In manhajar ta ce ba ta ga rumbu ba, yawanci saitin BIOS ne ke kan RST, sai a mayar da shi AHCI. Amma wanda ke son ajiye Windows a gefe ya nemi wanda ya sani kafin ya canza, don Windows na iya ƙin tashi. Wanda ya ajiye su biyu kuma zai ga agogo yana ɓata da awa guda duk lokacin da ya sauya. Ba aljanu ba ne. Linux na ajiye agogon injin a lokacin duniya, Windows na ɗaukarsa lokacin gida, Nijeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya.

Akwai kuma abin kunyar da ya shafi harshenmu. Mai shago ba ya sa mana haruffa masu ƙugiya, mu ma ba mu tambaya. Shi ya sa ɗalibin sashen Hausa ke rubuta kundi shafi ɗari, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata, ɗaki ya koma daki. Alhali a Windows da Linux duka akwai tsarin madannai na Hausa a cikin saiti, minti biyu ya isa a ƙara shi.

Mun san abin da za a ce. Za a ce malam yana son kundi a Word, kuma sashe yana koyar da SPSS. LibreOffice tana buɗe takardun Word tana kuma ajiye su a sigarsu. Gaskiya ne wani lokaci jadawali ko lambar shafi kan goce, don haka a mayar da kundin PDF kafin a kai wurin bugawa. Lissafin ƙididdiga kuwa akwai PSPP da jamovi da R, duk kyauta. Wanda karatunsa ya rataya a kan AutoCAD, wannan ya riƙe Windows ta halal, ba mu da ja. Amma sashen da ya wajabta wa ɗalibai manhaja mai tsada, bai saya musu lasisi ba, ya san sarai inda za su samo ta, kuma bai kamata ya zo yana yi mana wa'azin satar fasaha a ranar kare kundi ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai, waɗanda suka iya tara kuɗin walima da riguna masu hoto, su ware Asabar ɗaya a farkon kowane zangon karatu. A nemi ɗaki mai janareta ko sola, a sayi filash goma, a sauko da manhajar sau ɗaya a raba don kada kowa ya ƙona datarsa, 'yan sashen kimiyyar kwamfuta su tsaya a bayan kujeru. Sharaɗi guda muke so a rubuta a ƙofa: ba wanda zai karɓi kwamfutar wani ya danna masa. Mai ita ne zai zauna ya danna, ana nuna masa, ko da za a kai magariba.