Motar Soja: Wace Ce Ta Dace da Ƙasarmu?

Yaron da ya tashi a birnin Zazzau ba ya rasa ganin motar soja. Tun shekarar 1924 ake horar da kurata a Daffo, a 1954 kuma aka buɗe makarantar yaran soja, saboda haka idanunmu sun saba da waɗannan dogayen motoci masu rufin tamfol. Abin da yaro ke gani shi ne girma da kwarjini. Amma duk gingimarin da ke cika hanyar Kaduna zuwa Kano, in ya shigo ta Ƙofar Doka ya nufi lungunan Kwarbai, sai ya tsaya ya bar wa jaki da amalanke aiki. A ganina, a nan darasin yake: ana auna motar soja da hanyar da za ta bi da hannun da zai gyara ta.

Mai ƙera irin wannan mota kullum cikin ciniki yake, ba ya samun wani abu sai ya sarayar da wani. In ya ɗaga cikinta sama don kada ta kafe a taɓo ko ta daki dutse, nauyinta ya hau sama ke nan, sai ta zama mai saurin kifewa a kwana. In ya sa dukkan ƙafafunta shida su riƙa ja, za ta fita daga yashi, amma za ta ƙara shan mai, kuma wuraren lalacewa sun ƙaru. Dubi GMC ɗin da Amurka ta ƙera fiye da 500,000 tsakanin 1941 da 1945. An ƙayyade mata tan biyu da rabi, alhali a kan kwalta tana iya ɗaukar ninkin haka. Da gangan aka rage mata kaya saboda daji, domin soja ba ya zaɓar hanya.

Batun sulke ya fi kowanne wuya. Tun da 'yan ta-da-ƙayar-baya suka shiga binne nakiya a hanyoyin arewa maso gabas, tilas aka nemi mota mai kaurin ƙarfe, wadda aka yi wa ƙasanta siffar ƙirjin kwalekwale don ya karkatar da ƙarfin fashewa zuwa gefe. Irinta ce Ezugwu, wadda aka ƙera a Kaduna aka ƙaddamar a 2019. Ba mai musun cewa ran soja ya fi kowane kaya daraja. Sai dai kowane tan na ƙarfe da aka ƙara ya cinye gurbin tan guda na ruwan sha ko harsashi, kuma motar da ta yi nauyi ƙwarai sai kadarkon ƙauye ya gaza ɗaukarta, da damina kuwa ta nutse a fadama. Don haka kuskure ne a ce duk motar dakon kaya sai an yi mata sulke.

Tarihi ma ya nuna cewa wani lokaci mara nauyi ke yin nasara. A watan Janairun 1987, a Fada, sojan Chadi cikin a-kori-kura ƙirar Toyota suka tarwatsa tankokin Libiya. Kafin nan, kakanninmu da suka je yaƙin Bama sun ratsa dajin da mota ba ta shiga, da 'yan dako a ƙasa da jiragen sama masu jefo abinci. Sunan barikin Chindit da ke Zariya daga wancan yaƙi ya samo asali.

Inda na fi damuwa shi ne gyara. Tsohuwar Marsandi 911, wadda har yau ake gani da bodin katako tana dakon hatsi, ta daɗe ne domin injinta a fili yake. Makaniken Tudun Wada zai kwance shi a gindin bishiya ya mayar. Motocin zamani sun fi ta ƙarfi da tsimin mai, amma kwamfuta ke sarrafa injinsu, kuma gurɓataccen dizal kaɗan ya isa ya kwantar da su. In irin wannan ta mutu a daji, direba ba shi da abin yi sai jiran na'urar bincike da kayan gyara daga ƙetare. Mun taɓa kama hanyar magance wannan lokacin da aka kafa kamfanin Steyr a Bauci a ƙarshen shekarun 1970, da ANAMMCO da ya fara haɗa manyan motocin Marsandi a Inugu a 1980, sai muka yi sakaci masana'antun suka ja baya.

Da za a nemi shawarata kafin a sayo sabuwar mota, da na ce a fara kai ta hanyar burji cikin watan Agusta, cike da kaya. Bayan nan a miƙa ta ga sajan makanike da akwatin sifanunsa kawai, a duba agogo a ga awa nawa zai ɗauka kafin ta sake tashi.