Digirin Digirgir a Kan Bayanan Lafiya: Ina Ruwan Marubuci?



Akwai fannin da ake kira kimiyyar sarrafa bayanan lafiya, inda ilimin likitanci da na kwamfuta suka haɗu. Mai digirin digirgir a nan ba lallai ya taɓa riƙe allura ba. Shekaru yake kwashewa yana binciken yadda za a tattara abin da aka rubuta a katin asibiti, a tace shi, a gano annoba tun ba ta yi ƙarfi ba.

Abin ya riga ya iso gida. Manhajar DHIS2 da Najeriya ke tattara alƙaluman asibitocinta da ita, Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke kula da ita, kuma ɗaliban digirgir daga Afirka na cikin waɗanda suka gina ta. SORMAS kuwa an ƙirƙiro ta ne sanadin cutar Ebola ta 2014, da ita aka bi sawun zazzaɓin Lassa da korona.

To mu ina ruwanmu? Kwamfuta abin da aka ba ta shi take riƙewa. Tsohuwa ta kawo jikanta ta ce "shawara" ce. Ciwon hanta take nufi, ko zazzaɓin da sauro ke yaɗawa, ko idon yaron ne kawai ya yi ruwan ɗorawa? Wata ta ce "sanyi" ke damunta. Ma'aikaci zai zaɓi kalmar Turanci guda ya shigar. In ya kuskure, kuskuren zai kai har Abuja, da shi za a yi lissafin magani. A ganinmu, binciken da bai san bakin majinyaci ba ginin toka ne.

Wani zai ce wannan aikin masana ne. Haka ne, amma masanin da zai koya wa kwamfuta Hausa rubutacciyar Hausa zai nema, mu ne kuwa masu rubuta ta. Idan jarumarmu ta kwanta ciwo, mu bar ta ta faɗi ciwonta da bakinta, Basakkwata da Sakkwatancinta, Bakanuwa da Kanancinta. Mu tambayi ungozoma da wanzami sunayen cututtuka kafin su tafi da su. Mu kiyaye ƙ da ɗ da ɓ, domin ƙari a wuya daban, kari daban.

Masu difiloma a cikinmu kuma kada nisan hanya ya karya mana gwiwa. Daga babbar difiloma a yi ta share fage, sai digiri na biyu, sai digirgir. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya sa mu dace. Muna jiran ra'ayoyinku.