A Fid Da Jadawalin Gasa Daga Aljihun Sakatare

Sanin kowa ne Bompai da Sharaɗa da Challawa su ne duwatsun murhu uku da tukunyar masana'antun Kano ke zaune a kansu. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne, duk inda aka tara samari majiya ƙarfi, ba a rasa ƙwallon ƙafa a wurin. Da la'asar sakaliya, idan an tashi daga aiki, filayen makarantu da fegin da ba a gina ba tun daga Panshekara har Dakata sukan cika da 'yan wasa, wasu ma'aikatan jima ne, wasu na kamfanin robobi, wasu kuwa 'yan makaranta ne da ke zaune a unguwannin da ke kewaye. Wannan wasa na sa kai ba abin rainawa ba ne, kuma lokaci ya yi da za a tsara shi yadda ya dace da zamani.

Tarihi ya riga ya nuna amfanin ƙungiyoyin wuraren aiki. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta zama zakarar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya baki ɗaya. A 1990 aka haɗa ƙungiyoyi uku, watau WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka kafa Kano Pillars. Biyu daga cikin ukun nan sunan ma'aikata suke ɗauke da shi, ɗaya ta hukumar ruwa, ɗaya ta banki. Pillars ɗin nan ce ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale a 2019. Ashe ke nan itacen da ake shan inuwarsa a filin wasa na Sani Abacha, saiwarsa tana cikin ƙananan filaye masu ƙura.

To, amma yaya ake tafiyar da ƙananan gasa a yau? Galibi mutum ɗaya ne ke riƙe da kome. Shi ne sakatare, shi ne ma'aji, shi ne mai tsara wa zai kara da wa. Jadawalin yana cikin littafin da ke aljihunsa, sakamakon kuwa yana cikin kansa. Idan ya yi tafiya, gasa ta tsaya. Idan littafin ya jiƙe da ruwan damina, sai a koma rantse-rantse. Ƙungiya takan biya kuɗin mota ta je fili, ta tarar an ɗage wasa ba a sanar da ita ba. Ɗan wasan da aka ba jan kati ranar Asabar yakan shigo fili ranar Lahadi sanye da rigar wata ƙungiya, da wani suna dabam. Daga nan sai gardama, daga gardama sai jifa, gasar da aka fara da addu'a ta ƙare a ofishin 'yan sanda.

Ba lalle ne a ce sakataren macuci ne ba. Aikin ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Idan ƙungiyoyi 12 za su kara gida da waje, wasanni 132 ke nan, a cikin zagaye 22. Kowane wasa yana bukatar fili da alƙali da mataimakansa biyu. Sai kuma a yi la'akari da cewa masana'antu da yawa aikin karɓa-karɓa suke yi, wanda ke aikin safe wannan mako yana iya komawa na dare mako mai zuwa. Ga ruwan Agusta da ke mai da fili fadama, ga azumi da ke matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, ga jarrabawar 'yan makaranta. Wanda ya ce zai riƙe duk wannan a ka, ya ɗauki dala ba gammo.

Maganin ba mai tsada ba ne. Abin da ake bukata shi ne shafi guda a intanet wanda kowa zai iya buɗewa da wayar hannunsa, a sa abubuwa huɗu a ciki. Na farko, dokokin gasa tun kafin a buga wasan farko: maki uku ga wanda ya ci, ɗaya idan an yi kunnen doki, da yadda za a raba gardama idan maki ya zo ɗaya. Na biyu, jadawalin kakar gaba ɗaya, da rana da lokaci da fili, kuma kada a sauya shi sai da sanarwar kwanaki da dalili a rubuce. Na uku, rajistar 'yan wasa, kowa da hotonsa da ranar haihuwarsa da ƙungiya ɗaya tak. Na huɗu, sakamakon kowane wasa, wanda alƙali zai rubuta a takarda, kaftin biyu su sa hannu, a ɗauki hotonta a aika kafin a bar fili. Kwamfuta ce za ta haɗa lissafin maki, ita kuwa ba ta da ƙane a wata ƙungiya.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda masu ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba su farga da ita ba. Bisa dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Tun daga Nuwamba 2022 hukumar ta buɗe ofishi na musamman a Faransa mai bin diddigin tarihin ɗan wasa ta na'ura don biyan wannan haƙƙi. Ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukuma ba, ba ta kuma da shaidar cewa yaron ya taɓa sa rigarta, sai dai ta gan shi a talabijin ta yi tafi. Wanda ya tuna yadda Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Pillars, ya tafi Holan a 2010, daga can Rasha, daga can Ingila, ya san wannan zance ba mafarki ba ne.

Haka nan batun shekaru. A 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasar matasa saboda saɓani a ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, har ƙasar ta rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Irin wannan abin kunya daga ƙasa yake farawa, ranar da aka bar mai gemu ya shiga gasar 'yan ƙasa da 15. Idan an rubuta ranar haihuwar yaro tun yana ɗan shekara 12, ta zauna inda kowa ke gani, zai yi wuya a rage masa shekara biyar daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wasu za su ce na'ura ba ta hana maguɗi. Gaskiya ne. A watan Yuli na 2013, a wasannin neman hawa mataki da aka yi a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67 da nema, alhali kafin hutun rabin lokaci 7 da 6 kawai aka ci. Babu kwamfutar da za ta hana mai tsaron gida kauce wa ƙwallo. Amma abin lura shi ne, da lambobin suka fito fili duniya ta gani, tilas hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta ɗauki mataki, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu, ta haramta wa 'yan wasan ƙwallo har abada. Maguɗi duhu yake so, shi ya sa haske ya zama rabin maganinsa. Sauran rabin kuwa shi ne kwamitin sauraron ƙara mai mutunci, wanda zai yanke hukunci cikin mako guda ya kuma bayyana shi.

Wasu kuma za su kawo ƙarancin wutar lantarki da tsadar kuɗin intanet da waɗanda ba su yi boko ba. Wannan ma abin dubawa ne. Saboda haka kamata ya yi shafin ya kasance da Hausa, mai sauƙin buɗewa, a kuma riƙa buga jadawali a takarda ana mannawa a ƙofar masana'anta da bakin fili. Har ila yau a yi hattara da 'yan caca, domin duk inda sakamako ya bayyana sukan kewayo. Doka ta fito sarai tun farko cewa ɗan wasa ko alƙalin da aka kama da caca a kan gasar, ya bar ta ke nan.

Sauran aiki ya rage ga mutane uku. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Kano ita ce uwa, ita ya kamata ta ba da tsarin rajista guda ɗaya ta kuma tura alƙalai masu horo. Masu masana'antu su ɗauki nauyin fili da ƙwallaye da ladan alƙalai, domin ma'aikacin da ke motsa jiki ya fi lafiya, kuma zaman lafiya da unguwannin maƙwabta riba ce. 'Yan makarantun Jami'ar Bayero da Kwalejin Fasaha ta Kano masu koyon ilmin kwamfuta kuwa, ga aikin gwaji na gaske a ƙofar gidansu, wanda ya fi wanda ake rubutawa a ajiye a kanta.

Sakatarorin da suka daɗe suna wannan hidima ba tare da albashi ba sun cancanci yabo, kuma wannan tsari sauƙi zai kawo musu, ya kuma wanke su daga zargi. Masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa masu abin su ji, su gyara tun kafin a busa usur na sabuwar kaka.