Daga Teburin Malam: Yaro Ɗaya, Suna Uku

Mu malaman makaranta mun saba da wani abu a ƙasar Tudun Wada da Doguwa, har zuwa Kiru da Bebeji. Za ka ga yaro ɗaya da suna uku. A takardar baftisma an rubuta Yohanna, a rijistar firamare ya zama John, a gida kuwa ba wanda ya san shi sai da Ɗanjuma. Shekarar haihuwa ma haka: uwa ta ce shekarar fari ce, uba ya ce a'a, bayanta ne.

A dā wannan bai cuci kowa ba. Dagaci ya san uban yaro, fasto ya san kakansa. To, yanzu kwamfuta ce mai shaida, ita kuwa ba ta san kakan kowa ba.

Tun 1979 gwamnati ke fama da zancen katin ɗan ƙasa. An yi wani zagaye a 2003, sa'an nan aka kafa hukumar NIMC a 2007. Ita ke ba da lambar NIN, alƙaluma 11, ɗaya tak har mutuwa. A Disamba 2020 aka ce a haɗa ta da layin waya, daga 2021 kuma ba mai rubuta jarrabawar JAMB sai da ita. Sunan da ke ƙarƙashin lambar, shi JAMB ke ɗauka, ba wanda muka rubuta a allo ba.

Bara wani ɗalibinmu, yaro mai kai, ya ga haka da idonsa. Ranar da aka yi masa lamba kawunsa ne ya raka shi, ya faɗi suna da shekara yadda ya tuna. Da lokacin jarrabawa ya zo, takardun suka ƙi haɗuwa. Uban ya sayar da buhun masara, aka yi ta zarya zuwa Kano, kafin gyara ya fito an rufe rijista. Shekara guda ta tafi.

Me ya sa wasu ƙasashe ba su cika shan wannan wahala ba? A Amurka, inda aka fara lambar a 1936, iyaye kan nema wa jariri tasa tun a asibiti. A Afirka ta Kudu alƙaluma 6 na farko cikin 13 ranar haihuwar mutum ce. Wato can lamba na bin takardar haihuwa. A nan kuwa sau da yawa bakin mai faɗa take bi. Indiya ta ɗauki yatsu goma da ƙwayar ido na mutum fiye da biliyan ɗaya, mu ma ana ɗaukar yatsunmu. Amma yatsa dai yakan nuna cewa kai ne, ba ya gyara sunan da aka rubuta a karkace.

Saboda haka, iyaye, ku zaɓi suna ɗaya da rubutu ɗaya tun ranar suna. Ku karɓo takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya, daga ita a kwafa zuwa ta baftisma da ta makaranta. Yin lambar kyauta ne, gyara ne ke cin kuɗi, musamman na ranar haihuwa. Kada ku aiki kowa, ku tafi da kanku da takardar a hannu. Kafin ku tashi daga gaban ma'aikaci, ku sa a karanta muku abin da ya buga, harafi harafi.