Don Allah A Bar Zubar Da Dakashi

Edita, ka ba ni fili in ja hankalin mutanenmu na Limawa.

Wani bincike a Ingila a 2019 kan jarirai kusan 600 ya nuna cewa wanda uwa ta haifa da kanta yana ɗebo ƙwayoyin halitta masu amfani daga jikinta, su zauna a hanjinsa. Ɗan tiyata kuwa nasa kaɗan ne da farko.

To jama'a, wannan ba hujjar ƙin tiyata ba ce in likita ya ce a yi, rai ya fi komai. Nonon uwa ke ciyar da ƙwayoyin nan. A ba jariri dakashi cikin awa 1, kuma banda ɗura ruwa sai ya cika wata 6.

Naku,
Manomi daga Limawa, Dutse.