Motar miliyan 65 ma ana yi mata kiranye, to namu wa zai kira su?

Yau zancen mota za mu yi, kuma irin motar da akasarinmu ba mu taɓa gani ido da ido ba sai dai a bidiyon waya. Sunanta Porsche Taycan, motar gudu ce ta ƙawa da ake ƙerawa a birnin Shtutgat na ƙasar Jamus tun shekarar 2019. Ba ta shan fetur ko gazuwal, caji ake yi mata kamar waya. Wasu nau'o'inta kan tashi daga tsaye su kai gudun kilomita 100 cikin abin da bai kai daƙiƙa uku ba, kuma kuɗinsu ya haura yuro dubu 100, wato sama da miliyan 65 na sefa. Na san wani zai ce, mi ya haɗa mu da wagga mota, mu da ke fama da kuɗin litar mai? Ku yi haƙuri ku biyo ni, zancen zai biyo ta ƙofar gidanmu.

Wannan mota mai tsadar gaske, kamfanin da ya ƙera ta ya sha yi mata kiranye. Kiranye shi ne kamfani ya fito fili ya ce: mun gano aibi a motar da muka sayar muku, aibin zai iya jawo haɗari, ku kawo ta wurin wakilinmu a gyara, ba za ku biya ko dala ba. A watan Yulin 2021 an kira kusan Taycan dubu 43 a duniya saboda matsalar manhaja da ke iya sa motar ta ɗauke ƙarfi tana cikin tafiya. A tsakiyar 2024 an kira sama da dubu 150, kusan duk waɗanda aka ƙera ke nan, saboda tiyon birkin gaba zai iya tsagewa man birki ya zube. A ƙarshen wannan shekarar kuma aka sake kiran sama da dubu 27 a Amurka saboda wasu ɓangarorin batir za su iya haɗa wuta a cikinsu har gobara ta tashi. An ma shawarci masu wasu daga cikin motocin kada su yi caji ya wuce kashi 80 cikin ɗari kafin a duba musu.

Da jin haka mutum zai yi dariya ya ce, ashe tsada ba ta hana lalacewa. Gaskiya ne. Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ke biyo bayan gano aibin.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai mota yana zaune gidansa wasiƙa ta iso, da sunansa da lambar shasin motarsa, an bayyana masa aibin da haɗarin da ke ciki. Ya kira dilan kamfanin, a ba shi rana. Ranar ya kai motar, a karɓe ta, a duba lambar shasi a kwamfuta a ga ayyukan kiranyen da ke kanta. In matsalar manhaja ce, kamar ta 2021, a jona ta da na'ura a sabunta, aikin kusan awa guda. In tiyon birki ne, a cire tsohon a sa sabon da aka sake wa tsari. In batir ne, nan aiki ya yi nauyi. Taycan tana aiki da ƙarfin wuta na bolt 800, alhali wutar da ke shigowa gidajenmu 220 ce. Ba kowane makanike ake bari ya taɓa ta ba, sai wanda aka horar musamman, da safar hannu ta musamman, bayan an katse wutar an tabbatar ta mutu. A auna ɓangarorin batir ɗin, wanda aka ga yana da alamar ciwo a canja shi. In an gama a rubuta a rumbun kamfani cewa mota mai lamba kaza an yi mata aiki kaza ranar kaza. Wanda zai saye ta daga baya zai iya dubawa ya gani.

Kada mu ɗauka abin yana yi wa masu motocin daɗi. Ka sayi mota da maƙudan kuɗi, sannan a ce kada ka cika mata batir, tafiyar da za ka yi da caji ɗaya ta ragu. Wani dilan yana da nisa da garinsa. Wani sai ya jira makonni kafin kayan gyara su iso, don motoci dubbai ne ke layi lokaci guda. Ga kuma darajar motar da ke faɗuwa in mutum ya tashi sayarwa. Masu ƙorafi suna da hujja idan suka ce kamfanoni na gaggawar fito da sabuwar fasaha kasuwa, su bar mai saye ya zama zakaran gwajin dafi. Ban musa wannan ba. Sai dai in aka ba ni zaɓi tsakanin wahalar zuwa garaji sau uku da tuƙa motar da birkinta zai iya kwancewa ban sani ba, ai zaɓin ba shi da wuya.

Kuma kada wani ya zaci kirki ne kawai ya sa kamfanonin ke wannan. Doka ce ta matse su. A Amurka tun 1966 aka kafa dokar lafiyar motoci, shekara guda bayan wani lauya mai suna Ralph Nader ya wallafa littafin da ya tona yadda masu ƙera motoci ke wasa da rayukan jama'a. A yau idan kamfani ya gano aibi mai haɗari, kwana biyar na aiki gare shi ya sanar da hukumar kula da lafiyar motoci, sannan ya rubuta wa masu motocin cikin kwana 60. Gyaran kyauta ne muddin motar ba ta wuce shekara 15 ba. A Jamus hukumar rajistar motoci ce ke ba kamfani adireshin masu motar, kuma in aibin mai tsanani ne mutum ya yi ta ƙin kai motarsa, za a iya soke mata izinin hawa titi.

Abin da ke faruwa idan aka ɓoye aibi ma an gani. A 2014 asirin kamfanin General Motors ya tonu, cewa ya shafe kusan shekara goma yana sane da matsalar makunnin wasu ƙananan motocinsa, wanda ke iya kashe inji ana cikin tafiya ya hana jakar iska buɗewa. Daga baya an biya diyyar mutum 124 da suka rasu, kamfanin ya biya tarar dala miliyan 900. Wannan kamfanin dai, da batir ɗin motarsa mai lantarki Chevrolet Bolt ya soma kamawa da wuta, a 2021 ya kira dukkansu, kusan dubu 140, ya ce a riƙa ajiye su a waje nesa da gida. Kamfanin LG da ya yi batiran ya yarda ya ɗauki asarar da ta kai dala biliyan 1.9. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

To yanzu mu dawo gida. Duk wannan tsari yana tsaye ne kan abu ɗaya: kamfani ya san inda motar take da wanda ke riƙe da ita. Motocin da ke cika titunan Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa fa, nawa ne a cikinsu aka saya sababbi daga wakilin kamfani? Mafi yawa na hannu ne, sun gama ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka, aka loda su jirgin ruwa. Da can ta Kwatano suka fi shigowa, tun bayan rufe iyaka a 2023 hanyar Lome ta ƙara cika. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya kwasa. Ranar da mota ta hau jirgi, igiyar da ke tsakaninta da kamfanin ta tsinke. Wasiƙar kiranye za ta je gidan tsohon mai ita a Beljiyam, motar kuwa tana nan tana jigilar fasinja tsakanin Maraɗi da Tasawa.

Wannan ba zancen gaba ba ne, yanzu haka yana tare da mu. Kun taɓa jin sunan Takata? Kamfanin Japan ne da a da yake yin jakar iskar nan da ke cikin sitiyari da gaban fasinja, wadda makanikai ke ce wa erbag. Ya yi amfani da wani sinadari da ke lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima. In aka yi karo, maimakon jakar ta buɗe ta tare mutum, sai gwangwanin da ke hura ta ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su soki direba a wuya ko fuska. An yi wa kusan miliyan 100 kiranye a duniya, miliyan 67 a Amurka kaɗai, kamfanin ya durƙushe a 2017. Motocin da abin ya shafa ba na attajirai ba ne, akwai Toyota Corolla da Yaris da Honda Civic da Accord na shekarun 2000, irin waɗanda muke hawa kullum. A Faransa ma, a watan Yunin 2025 wata mata ta rasu a garin Rems cikin Citroën C3 saboda wannan jaka, har gwamnati ta ba da umurnin a daina tuƙa motoci masu yawa sai an canja musu. In ƙasar da ke da adireshin kowa ta kasa kai ga kowace mota cikin shekara goma, to mu da ba wanda ya rubuto mana fa? Mota na kwana a rana a nan watan Afrilu, ga damina ta zo da laima, ga shekaru sun ja.

Sannan masu lantarkin ma suna tafe. Wadda Bature ya saya sabuwa yau, nan da shekara takwas ko goma ɗan kasuwarmu zai gan ta da araha ya ɗauko. Ba sai Taycan ba, ƙananan su ne za su fi zuwa. Ban ce motar lantarki ta fi ta fetur kamawa da wuta ba, ta fetur ma tana ci. Amma wutar batir ta daban ce, tana da wuyar kashewa, kuma tana iya sake tashi bayan an zaci ta mutu. Ka yi tunanin motar da aka ce a can kada a yi mata caji ya wuce kashi 80, ba a gyara ta ba aka sayar, ta faɗo hannun mutumin da bai taɓa jin labarin ba, yana jona ta cikin zaure dare ya yi, iyali na barci. Ka yi tunanin yaron garaji da ya saba da batir mai bolt 12, ya kai hannu kan wayoyin nan masu ruwan lemo da ke ɗauke da wutar da za ta iya kashe shi nan take. Wata matsalar manhaja akan gyara ta ta intanet ba tare da an je garaji ba, kamar yadda Tesla ta yi wa motoci kusan miliyan biyu a Amurka a Disamban 2023. Amma tiyon birki da batir, intanet ba ta canja su.

Mi ne ne abin yi? Na farko yana hannunka, kai mai mota. Kowace mota tana da lambar shasi, galibi mai haruffa da alƙaluma 17. Tana cikin kart giriz, kuma galibi ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba. Manyan kamfanoni suna da shafi a intanet inda za ka rubuta lambar ka ga ko akwai kiranyen da ba a yi ba, kuma in motar daga Amurka ta fito, hukumarsu ma tana da irin wannan shafi kyauta. In ba ka iya ba, ba ɗanka ko ƙanenka wayar, aikin minti biyar ne. In ka ga akwai, ka je wurin wakilin kamfanin a Yamai da takardunka ka tambaya. Ko da ba a gyara maka ranar ba, ka san abin da kake tuƙawa.

Na biyu, alhazanmu masu shigo da motoci. Ranku ya daɗe, gyaran nan kyauta ne a ƙasar da kuke sayo motar. Ku sa wakilanku su duba lambar kafin a biya kuɗi, in akwai kiranye a kai ta dila a can kafin ta hau jirgi. Jinkirin mako ɗaya ko biyu ne, amma wanda zai saya a hannunku maƙwabcinku ne, ko surukinku. Kuma dilan da ya fara nuna wa mai saye takardar cewa motarsa ba ta da kiranye a kanta, wallahi shi zai kwashe kasuwa.

Na uku, hukumomi. Ba mota da ke shigowa ba tare da duwan ta rubuta lambar shasinta ba, kuma ana kai motoci bizit. Ashe ke nan lambobin suna hannu. Abin da ya rage shi ne a sa duba kiranye cikin sharuɗɗan shigo da mota da na bizit, a kuma zauna da wakilan kamfanonin da ke cin kasuwa a ƙasar nan a tambaye su: mi kuka tanada wa motocinku da suka shigo ta hannu na biyu? Sunan kamfaninsu ne dai a jikin motar, ko wa ya kawo ta. Haka nan cibiyoyin koyar da sana'a su fara horar da makanikai da ma'aikatan kashe gobara kan motar lantarki tun kafin ta yi yawa. Tun ran gini ran zane.

Mai Taycan a Jamus yana iya gunaguni a ɗakin jiran dila, ana kawo masa kofi, amma akwai wanda ya san aibin motarsa, ya neme shi, doka kuma ta tilasta a gyara masa. Ran direban taksi a Damagaram da na yaran da ya ɗauko daga lakwal bai fi nasa araha ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yau da yamma ku ɗauko kart giriz ku duba lambar nan. Wanda ya duba ya ga wani abu, ya faɗa mana irin motar da shekararta, don masu irinta su farga. Ku tura wa direbobi da makanikai da dilolin da kuka sani. Allah ya kiyaye hanya.