Sharhi: Yaron da ya yi wa Mufasa kuka, me ya sa ya girma yana dariyar Eboue?

A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwatin talabijin ɗaya ne yara da manya ke rabawa. Da rana katun, da dare tamola. Idan fim ɗin katun ya kai wurin da ake mutuwa kuma yaro ya fashe da kuka, sau da yawa uwa ko yaya kan ɗauki rimot a canza tasha, a ce masa ai zane ne kawai. Idan dare ya yi kuwa, a gaban yaron nan ake baje labarin auren wani ɗan wasa da ya mutu, ko dukiyarsa da ta ƙare, ana shewa. Wannan tsari a juye yake. Ana ɓoye wa yaro baƙin cikin da zai amfane shi, ana kuma koya masa cin naman mutanen da yake ƙauna.

Masu shirya katun sun daɗe da sanin cewa yara na iya ɗaukar labarin rashi. A 1942 kamfanin Disney ya fitar da Bambi, inda maharbi ya kashe uwar ɗan barewa. Ba a nuna gawarta ba, ƙarar bindiga kawai ake ji, sai ɗan yana yawo cikin dusar ƙanƙara yana kiranta. A 1994 aka fitar da The Lion King, wanda matasan yau da dama suka gani suna ƙanana. A cikinsa Scar ya jefa ɗan'uwansa Mufasa ƙarƙashin garken namun daji masu gudu, sannan ya sa ƙaramin Simba ya yarda cewa shi ne sanadin mutuwar ubansa. A 2009 fim ɗin Up na kamfanin Pixar ya buɗe da rayuwar mata da miji tun daga ƙuruciya har tsufa: ba su samu haihuwa ba, matar kuma ta riga mijin rasuwa, duk a cikin mintunan farko.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tatsuniyoyin da kakanni ke yi da dare cike suke da marayu, da kishiyar uwa mai mugunta, da Dodon da ke haɗiye mutane. Kaka ba ta tsallake wurin tsoro. Abin da ya bambanta shi ne tana nan zaune, yaro na jingine da ita, idan ya tambaya ta ba shi amsa. Yau yaro kan kalli mutuwar Mufasa shi kaɗai a wayar salula, babu wanda zai tambaya. Matsalar ta fi tsanani ga ƴan ƙasa mazauna waje, inda uwa da uba ke fita aiki, kaka kuma tana can gida Nijar. Don haka laifin ba na fim ɗin ba ne, na kaɗaicin da aka bar yaron a ciki ne.

Akwai masu cewa yaran wannan yanki sun ga isasshen baƙin ciki da idonsu, daga gudun hijira zuwa yunwa da mutuwar ƙanne, don haka bai kamata a ƙara musu da na allo ba. Maganar tana da nauyi. Sai dai yaron da ya rasa uba yakan rasa kalmomin da zai faɗi abin da ke ransa, wani lokaci har yakan ɗauka laifinsa ne, kamar yadda Simba ya ɗauka. Fim na iya buɗe ƙofar hirar da manya ke jin nauyin farawa. Wannan ba ya nufin kowane katun ya dace da kowane yaro. Fim ɗin Japan na Isao Takahata, wanda aka sani da Grave of the Fireflies, da ya fito a 1988, yana ba da labarin wani yaro da ƙanwarsa da suka rasa uwarsu a ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Kobe a 1945, har yunwa ta kashe su duka biyu. Zane ne, amma ba na ɗan shekara biyar ba ne. Wajibi ne babba ya fara kallo kafin ya kunna wa yaro.

Daga katun, yaro kan wuce zuwa wasanni, kuma a nan ne ake masa babbar ƙarya. Ana nuna masa ɗan wasa a matsayin wanda ba ya kuskure, ba ya ciwo, ba ya kuka. Ya sayi rigarsa a kasuwa, ya yi askinsa, ya karɓi sunansa a filin unguwa. Ranar da wani abu ya fito daga rayuwar gwarzon, yaron ba shi da hanya sai ɗayan biyu: ko ya ƙaryata komai ya zagi wanda ya kawo labarin, ko ya juya wa gwarzon baya ya shiga sahun masu ba'a. Duka biyun suna nan birjik a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp.

Ya kamata a rarrabe abubuwa uku da ake haɗawa a ƙarƙashin sunan sirrin ɗan wasa. Na farko shi ne abin da ya shafi wasan kansa. Lance Armstrong, Ba'amurken da ya warke daga ciwon daji ya lashe tseren keke na Tour de France sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, an ƙwace masa kambunan duka a 2012, kuma a Janairun 2013 ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. Wannan ba sirri ba ne, cuta ce da aka yi wa abokan takara da ƴan kallo, kuma ƴan jaridar da suka bi diddiginsa sun yi aikinsu.

Na biyu shi ne laifin da ya cutar da wani. Oscar Pistorius na Afirka ta Kudu, wanda ya yi gudu da ƙafafun roba a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ya harbe budurwarsa Reeva Steenkamp a gidansa ranar 14 ga Fabrairun 2013, daga baya kotu ta same shi da laifin kisan kai. Lambar yabo ba ta wanke jini, kuma mai son ɗan wasa ba shi da hurumin rufe bakin wanda aka zalunta.

Na uku shi ne raunin da ɗan wasa ke ɗauke da shi a gidansa, kuma a nan ne jama'a suka fi yin ɓarna. Emmanuel Eboue, ɗan Kodebuwa da ya buga wa Arsenal wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2006, ya shaida wa wata jaridar Ingila a ƙarshen 2017 cewa ya rasa dukiyarsa bayan rabuwar aurensa, har tunanin kashe kansa ya zo masa. Mutumin yana neman agaji ne, amma da yawa suka mayar da shi abin misali na raha a majalisun shayi. Haka a 2023 aka yi ta yaɗa cewa Achraf Hakimi na Maroko ya rubuta dukiyarsa duka da sunan mahaifiyarsa don kada matarsa ta samu komai. Babu wata takardar kotu da aka nuna da ta tabbatar da hakan, amma matasa suka riƙe shi a matsayin darasin zaman aure, suka yi ta jifar mata da shi. An ɗauki gidan wasu mutane an mayar da shi filin dambe tsakanin maza da mata, a kan labarin da babu tushe.

Ana iya yin akasin haka, kuma an yi. A Afrilun 2022 Cristiano Ronaldo ya sanar da rasuwar jaririnsa namiji, ɗaya daga cikin tagwayen da aka haifa masa. Washegari ƙungiyarsa ta lokacin, Manchester United, ta je filin Anfield, gidan babbar abokiyar hamayyarta Liverpool. Da wasa ya kai minti na bakwai, lambar rigarsa, magoya bayan Liverpool suka tashi suna tafi don yi masa ta'aziyya. Ba su daina son doke United ba, kuma sun doke ta a ranar. Sun dai tuna cewa mutumin uba ne.

Shi ma Sadio Mane yana da shekara bakwai mahaifinsa ya rasu a ƙauyen Bambali na Senegal, inda babu asibiti a lokacin. Bayan ya yi suna, ya gina wa ƙauyen asibiti da makaranta. Yaron da aka gaya wa wannan ya san Mane fiye da wanda ya haddace yawan ƙwallayensa, domin ya gane cewa gwarzon nasa maraya ne da ya yi wani abu da rashinsa.

Akwai fim ɗin katun da ya haɗa darussan biyu, wato Kirikou et la Sorcière na Michel Ocelot, wanda ya fito a 1998 kuma sananne ne a ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Kowa a ƙauyen yana tsoron mayya Karaba, Kirikou kaɗai ke tambayar dalilin muguntarta, har ya gano wata ƙaya mai dafi da aka soka mata a gadon baya. Tambayar dalili ba ta wanke mai laifi, amma tana hana mutum yanke hukunci da ka. Nijar kuma ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa kuma ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara yin katun a Afirka, tun daga La Mort de Gandji da Bon voyage Sim a shekarun 1960, har zuwa Kokoa, inda dabbobi ke kokawa a fage. Abin takaici ne a ce yaran Tawa sun san Simba amma ba su taɓa ganin aikinsa ba. Tashoshin talabijin na ƙasa da makarantu na da alhaki a nan.

Batun ya shafi gwarzayen gida ma. Ƙasar da ke tsayawa cak a lokacin gasar takobin kokawa, ƙasar da ta yi murnar lambar azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a Rio a 2016, tana da ƴan wasan da ke zaune a unguwanni ɗaya da masoyansu, iyalansu na zuwa kasuwa ɗaya da kowa. Jita-jitar da aka ƙirƙira a kansu ba ta tsayawa a intanet, tana isa ƙofar gida da yamma. Ga kafofin labarai ma'auni mai sauƙi ne: idan abu ya shafi gaskiyar wasa, ko kuɗin jama'a, ko cutar da wani, a bincika a buga. Idan rashin lafiya ne, ko rabuwar aure, ko makoki, a bar wa mai abin ya faɗa idan ya so.

Ga iyaye da yayye kuma, aikin bai wuce zama kusa ba. Idan Mufasa ya faɗi, kada a canza tasha, a tambayi yaron me ya ji, a gaya masa ba laifin Simba ba ne. Idan labarin wani ɗan wasa ya fito, a tambaye shi wa ya faɗa, kuma wa abin ya cutar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka bari ya yi kukan ɗan zaki har ƙarshe, da wuya ya girma ya yi dariyar mutumin da ya fito fili ya ce rayuwa ta ishe shi.